Yadda zaka gane ko kuromosom ne yake rage haihuwa a gonar yanyawa

A yankin Ostrobotniya da ke gaɓar yammacin Finlan, inda nan ne mafi yawan gonakin ƙasar da ake kiwon yanyawa saboda fatarta suke, da zarar watan Mayu ya kama babu abin da mai gona yake tunani sai akwatin haihuwa. Dalili kuwa dabbar nan sau ɗaya tak take neman barbara a shekara, cikinta kwana 52 ne ko kusa da haka, in ta kuskure wannan zagayen toh shikenan sai baɗi, ka ciyar da ita shekara guda cur da kan kifi da tarkacen mayanka amma ko ɗa ɗaya bata baka ba. Shi yasa in aka buɗe akwati aka ga 'ya'ya huɗu a inda ake sa ran goma, kowa sai ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma masu ɗan karatu a cikinsu nan da nan sai su ce kuromosom ne, wato zarurrukan gadon nan na cikin ƙwayar halitta.

Na yi watanni ina koyon aiki tsakanin wata gona a can da ɗakin gwaji lokacin ina karatun kimiyyar dabbobi, kuma abin da zan shimfiɗa anan shine yadda ake bi a tabbatar, don maganar kuromosom ɗin gaskiya ce amma ba yadda ake zuzuta ta ba.

Bari in fara gyara suna. Da yawa dila suke cewa, amma dila daban yake, danginsa sun fi kusa da kare. Wadda ake kiwo a keji saboda fatarta mai gashi 'yar uwar yanyawar nan ce tamu mai haƙa rami a jigawa, sai dai ita ta ƙasar sanyi ce, ta fi girma ta fi gashi. Toh yanyawa zan riƙa cewa.

Abu na farko, ka san wacce kake kiwo, don iri biyu ne kuma lissafinsu ko kusa bai haɗu ba. Akwai shuɗiya, wadda asalinta yanyawar yankin ƙanƙara ce ta can ƙuryar arewacin duniya, ita ce mai yawan 'ya'ya, goma a ciki ɗaya ba abin mamaki bane a wajenta. Akwai kuma mai ruwan azurfa, ita jar yanyawa ce da launinta ya juye baƙi da ratsin fari, kiwonta a tsibirin Prince Edward na Kanada ya samo asali a shekarun 1890 a hannun Charles Dalton da Robert Oulton, ita huɗu zuwa biyar ne abin da aka saba gani. Kaga kenan in mai ruwan azurfa ta baka biyar babu wata matsala da zaka nema, ta yi iya yinta. Shuɗiya tana da kuromosom 50 ko 49 ko 48, duk ukun lafiyayyu ne suna ci suna sha. Mai ruwan azurfa tana da 34, sai wasu ƙanana na ƙari da ake kira kuromosom B. Kare 78 gareshi, mu mutane 46, don dai ka samu abin kwatance.

Kuromosom ɗin nan wasu 'yan zarurruka ne a cikin kowace ƙwayar halitta, a jikinsu aka jera duk abin da dabba take gada, kuma bibbiyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Yadda nake kwatanta wa mutane shine takalma a ƙofar masallaci. Shuɗiya mai 50 tana da takalma ƙafa 25, kowanne da hagu da dama. In jiki zai yi maniyyi ko ƙwai sai a raba su cikin buhu biyu, kowane buhu ya samu wari ɗaya daga kowace ƙafa, 25 kenan, sai na uba ya haɗu da na uwa a koma 50. Toh a wasu dabbobin, kuromosom na 23 da na 24, waɗanda ƙanana ne masu hannu ɗaya, sai suka manne da juna ta ƙugu suka zama guda ɗaya mai hannu biyu. Babu wani abu mai amfani da ya ɓace, ƙirga ce kawai ta ragu. Wadda ta gaji mannannen daga ɓangare ɗaya sai ta zama 49, wadda ta gaje shi daga uwa da uba duka sai ta zama 48. Irin wannan mannewar ana jingina ta da sunan Robertson, wani masani ɗan Amurka da ya fara bayyana ta a 1916, kuma a jikin fara ya gani, eh farar nan dai da ake soyawa da yaji.

Inda gizo yake saƙar shine mai 49. Ita warin 23 da warin 24 na ɓangare ɗaya a ɗaure suke da igiya, na ɗaya ɓangaren kuma a sake. Rabo mai kyau shine ɗaurarrun su tafi buhu ɗaya, sakakkun biyu su tafi ɗayan, kowa ya cika. Amma wani lokaci sai ɗaurarrun su ja sakakke ɗaya su tafi da shi, sai buhu ɗaya ya samu 23 sau biyu, ɗayan kuma babu 23 ko kaɗan. Ɗan tayin da aka yi da irin wannan maniyyi ko ƙwai baya zuwa ko'ina, da wuri yake mutuwa, uwar bata ma nuna alamar ɓari, kai dai kawai zaka ga 'ya'yan sun yi kaɗan. Mai 48 bata da wannan rikicin don hagu a ɗaure dama a ɗaure, rabo sai ya tafi salin alin kamar na mai 50. Mutane da yawa anan suke ruɗewa, su ɗauka wadda lambarta ta fi ƙasa ita ta fi matsala, alhali ta tsakiyar ce abin dubawa.

Wannan a takarda kenan. A gona fa? Tun shekarun 1980 aka yi ta bincike a Denmak da Norwe da Finlan, daga baya Polan ma, ana ɗibar jini ana ƙirgawa ana gwadawa da yawan 'ya'ya, kuma sakamakon bai zo baki ɗaya ba. Wasu sun ga 'yar raguwa a wajen masu 49, wasu basu ga wani bambancin kirki ba. Ni a nawa ganin wannan saɓanin shi kansa amsa ce, da abin babba ne da kowa ya gan shi ba sai an yi musu ba. Kuma ka tuna shuɗiya ƙwai da yawa take saki, in ɗaya ko biyu sun lalace da wuri ba lallai ka ga giɓin a akwati ba. Ba kamar saniya ba mai ɗa ɗaya. A shanu an san irin wannan mannewar tun 1964 a Suwidin, inda Ingemar Gustavsson ya gano kuromosom na 1 da na 29 sun manne, 60 ta koma 59, kuma duk da raguwar haihuwar 'yan kashi kaɗan ce cikin ɗari, sai da suka riƙa gwada bijiman da ake ɗibar maniyyinsu suna cire masu ɗauke da shi, saboda bijimi ɗaya yana iya zama uban dubban 'yan maruƙa.

Don haka kafin ka kashe ko sisi a ɗakin gwaji, koma kan katin da ke jikin keji. Kowace mace da katinta, ranar da aka yi mata barbara, da wane namiji, sau nawa, ranar haihuwa, 'ya'ya nawa aka gani da farko, nawa suka kai sati uku. In baka da wannan rubutun na aƙalla shekara biyu ko uku, wallahi sakamakon jini ba zai faɗa maka komai ba, lamba kawai zaka samu ka rasa abin da zaka jingina ta da shi. Kuma ka raba 'yan shekara ɗaya masu haihuwar fari da manya, don masu haihuwar fari dama sun fi asarar 'ya'ya, in ka cakuɗa su sai lissafin ya yi maka ƙarya.

Daga nan sai ka bi manyan masu laifi ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaya ƙiba. Shuɗiyar daji kilo uku zuwa huɗu take, amma ta gona da aka yi shekaru ana zaɓar mai girma saboda babbar fata ta fi kuɗi a gwanjon Saga Furs da ake yi a garin Vantaa na Finlan, tana haura kilo goma cikin sauƙi, wasu har kusan ashirin, sai kaga dabba fuska ta nutse cikin kitse da kyar take tashi. Macen da ta shiga lokacin barbara da kitse haka, ɗaukar ciki wahala, haihuwa wahala, ga danne 'ya'ya. Masu gona sun sani, shi yasa waɗanda za a bari don haihuwa ake ware su tun kaka a rage musu abinci. Na biyu kuskuren lokaci. Kwanakin da macen take karɓa 'yan kaɗan ne, kuma ana gane su ne da kumburin gabanta da wata 'yar na'ura mai sanda da ake sakawa tana auna yadda wutar lantarki take ratsa ruwan wajen, lambar tana hawa tana hawa sai ta kai ƙololuwa ta fara sauka, bayan nan ake ɗura maniyyi. In mai aunawa ya yi sakaci na kwana biyu, ko kuromosom ɗinta na zinare ne babu ciki. Na uku shi namijin, a ɗiga maniyyinsa a gilashi a duba a madubin likita ko yana motsi. Na huɗu uwar da take kashe 'ya'yanta ko ta yi watsi da su, wannan an fi saninsa a mai ruwan azurfa musamman in an takura ta ko maƙwabciyarta a keji ta fi ta ƙarfi. Sai cuta, ita kuma aikin likitan dabbobi ne.

Akwai wata dabara da wani dattijo a gonar ya nuna min wadda har yau nake ganin ta fi gwaji da yawa amfani kuma kyauta ce. Lokacin fiɗa, wajen Nuwamba zuwa Disamba, in an cire tsohuwar mace daga garke, kar a yar da mahaifarta. A tsaga ƙahonninta biyu a ɗaga wajen haske, zaka ga wasu baƙaƙen tabo a jere, kowane tabo gurbin da ɗan tayi ya zauna ne. Ya ƙirga a gabana da bakin almakashi, hannunsa duk ya daskare, sannan ya ɗauko katinta muka gwada. In tabo sha biyu ne amma katin ya ce biyar suka kai sati uku, toh asarar a ƙarshen ciki ta faru ko bayan haihuwa, je ka duba abinci da akwati da halin uwar, ka ƙyale kuromosom. In kuwa tabon kansa kaɗan ne, shekara da shekaru, ga jiki daidai ga lokaci daidai, kuma 'yan uwanta ma haka, yanzu ne ka samu dalilin ɗibar jini.

Ka fara da mazan. Namiji ɗaya ta hanyar ɗura maniyyi yana hawa kan mata da yawa a kaka ɗaya, gwajinsa ɗaya ya fi gwajin mace goma. Ana riƙe dabbar da maƙatar wuya mutum ɗaya ya kama wutsiya, a ɗebi jini kaɗan daga jijiyar ƙafar gaba, a zuba a kwalba mai koren murfi, wato mai hefarin, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Dan Allah ka riƙe wannan, koren murfi. Ni na taɓa cika kwalabe takwas masu murfi ruwan shunayya, irin na gwajin jini na yau da kullum, na kai su da murnata, matar da ke kula da ɗakin gwajin ta kalle su ta kalle ni bata ce uffan ba ta miƙo min sabbin kwalabe, washegari na koma cikin sanyin nan muka sake kama dabbobin daga farko. Dalili shine ƙwayoyin jinin dole su isa da ransu don shuka su za a yi. Saboda haka kar a saka a firiza, kar a bari a mota ta kwana a waje a ƙasar da ruwa yake daskarewa a bokiti, a kai cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a rubuta lambar dabba a jikin kwalba tun kafin a soka allura.

A ɗakin gwaji fararen ƙwayoyin jini ake renowa a ruwan abinci cikin ɗumi irin na jiki har kwana uku, da wani sinadari mai sa su rarrabuwa. Dab da ƙarshe sai a zuba wani sinadari mai suna kolcisin ko ɗan uwansa ya tsayar da su a daidai lokacin da kuromosom suka dunƙule suka yi kauri, a jiƙa su a ruwan gishirin fotasiyam mai rauni su kumbura, a kafe su da metanol kashi uku da asid ɗin binega kashi ɗaya, a ɗiga a gilashi su fashe su baje, a rina da Giemsa. Abin da zaka gani a madubi kamar an watsa 'yan guntayen taliya masu ruwan shunayya. Ranar farko na ƙirga 47 na tashi da gudu wai na gano sabon abu, ashe ɗaya ne ya fantsama gefe lokacin da ƙwayar ta fashe. Shi yasa ba a yanke hukunci da ƙwaya ɗaya, ana ƙirga goma ko ashirin masu kyau a ɗauki lambar da take ta maimaituwa. Akwai kuma gajeriyar hanya a shuɗiya, nemi ƙananan nan masu hannu ɗaya, banda na jinsi. Huɗu, mai 50 ce. Biyu, mai 49. Babu ko ɗaya, 48.

Sakamako ya dawo, sai ka rubuta lambar a katin kowa, don bata canzawa har dabbar ta mutu, gwaji ɗaya ya isa. Gadon kuma a fili yake. 50 da 50 duk 'ya'yan 50. 48 da 48 duk 48. 48 da 50 kuwa duk 'ya'yan 49 zasu fito, babu ko ɗaya da zai tsira, wannan shine haɗin da mutane suke yi cikin rashin sani suna ganin ai iyayen duka lafiya lau. Shi wannan cikin kansa ba zai ragu ba tunda uwa da uba kowa rabonsa daidai yake, jikokin ne abin zai shafa in ka ajiye 'ya'yan don haihuwa. In duka fiɗe su zaka yi a Disamba, babu ruwanka, fatar mai 49 bata da wani bambanci a gwanjo. 49 da 50 rabi da rabi. 49 da 49 kuma kashi ɗaya cikin huɗu 50, rabi 49, kashi ɗaya cikin huɗu 48.

Toh in kana son rage masu 49 a garke, zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kai, ko 50 ko 48, duk wanda ya fi yawa a wajenka, ka riƙa ajiye maza daga wannan ɓangaren, a hankali cikin 'yan shekaru garken zai karkata da kansa. Abin da ban yarda da shi ba shine mutum ya ɗauki macen da take bashi goma sha ɗaya duk shekara tana shayar da su tsaf ya fiɗe ta wai don takarda ta ce 49. Katinta ya riga ya baka amsa. Kuma in ka matsa wa lamba ɗaya da yawa sai ka wayi gari mazanka duk 'yan gida ɗaya ne, auren zumunci ya yi yawa, shi kuma rage haihuwar da yake yi ba a musu a kansa. In zaka gwada ƙungiya da ƙungiya a gonarka, ka haɗa masu shekaru ɗaya, kuma kar ka yanke hukunci da mata biyar nan biyar can, bambancin rabin ɗa a ciki sai da haihuwa masu yawan gaske yake fitowa.

Mai ruwan azurfa ba zan daɗe a kanta ba. Kuromosom B ɗinta ƙanana ne ƙwarai, wata bata da ko ɗaya wata tana da har bakwai ko takwas, kuma abin haushi a dabba ɗaya ma sai kaga wannan ƙwayar tana da biyu waccan tana da uku. Masana a Nobosibirsk ta Rasha, inda Dmitri Belyaev ya fara gwajin nan na mayar da yanyawa dabbar gida a 1959, sun daɗe suna nazarinsu, har an gano suna ɗauke da wasu ƙwayoyin gado na gaske ba fanko bane. Amma ga mai gona babu wata doka tsayayya da za a ce masa mai B kaza ajiye mai B kaza cire. Abin dubawa kawai 34 ɗin su cika, kuma in dabba ta ƙi haihuwa sam ko al'aurarta ta zo a hargitse, a duba kuromosom na jinsi.

Inda kuromosom yake yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara shine haɗin iri biyun. Mu a gida muna cewa barbarar yanyawa ga wanda yake ruwa biyu, toh a can sai na ga abin ido da ido. Ana ɗibar maniyyin namijin mai ruwan azurfa a ɗura wa shuɗiya har cikin mahaifa da wani siririn bututun ƙarfe da aka ƙirƙiro a Norwe a shekarun 1970, wanda likitocin karnuka ma suka ara daga baya. Dole sai da hannu, don lokacinsu ma bai cika haɗuwa ba, mai ruwan azurfa tun Janairu zuwa Maris take barbara, shuɗiya sai Maris zuwa Afrilu. Ana zaɓar shuɗiya ta zama uwa saboda yawan 'ya'yanta. 'Ya'yan suna fitowa da girma da gashi mai kyau, a kasuwa Blue Frost ake kiran mafi shaharar su. Amma yi lissafin, 17 daga uba, 25 ko 24 daga uwa, 42 ko 41 kenan banda 'yan B, kuma ba wai yawan kaɗai bane, takalman ne gaba ɗaya ba ƙirar kamfani ɗaya ba, babu warin da zai gane ɗan uwansa lokacin rabo. Sai maniyyi ya tsaya a hanya. Labarin alfadari ne sak, doki 64 jaki 62 shi 63. Mace da namiji duk basa haihuwa, saboda haka kar ka ɓata keji da abinci kana jira, kuma duk macen da ka bayar ga wannan haɗin ka sani a shekarar bata ƙara maka ko ɗaya a garken haihuwa ba, sai ka bar isassu kana yi musu barbara da irinsu.

Sana'ar ita kanta tana ta ƙanƙancewa a Turai, Norwe da ta ƙirƙiro bututun nan ta haramta kiwon dabbobin fata, wa'adin ya cika a Fabrairun 2025, murar tsuntsaye kuma ta shiga gonakin Finlan a 2023 aka kashe dabbobi da yawa, ni kaina bayan na ga yadda masu kilo ashirin ɗin nan suke numfashi a keji ban fito da sha'awar sana'ar ba. Ɗakunan gwajin da suke karɓar jinin yanyawa ma ba su da yawa yanzu, don haka ka kira ka tambaya tukuna, su faɗa maka ranar da suke shuka, ka ɗebi jinin ana gobe, Litinin ko Talata, kar ya kwana musu a ƙarshen mako.